Ba Inda Za Shi Sai Rana Ta Dawo

Talata, 28 ga Nuwamba, tsakar rana

Nas Koliin ta ba ni littafin nan wai in riƙa rubuta lokacin da Tsoho, wato mijina Lamiki, ya kwanta da lokacin da ya tashi da abin da ya ci. Na karɓa na ce na gode. Abin da na ga dama shi zan rubuta, ai ba ita ta haife ni ba.

Yau rana ta tafi. Na tsaya a taga na ga jan bakinta ya leƙo ta kudu, ko shayin hannuna bai huce ba ta nutse. Shi ke nan, Igloolik, garinmu na can ƙuryar arewa, ba za ta sake ganinta ba sai tsakiyar Janairu. Tun da na auri Lamiki bai taɓa barin ta tafi bai fita ƙofa ya ɗaga mata hannu ya ce ta gaida mutanen kudu ba. Yau na waiwaya in kira shi, na tarar yana barci a kujera, ƙafarsa da aka naɗe tana kan matashi. Ban tashe shi ba.

Na sauko da fitilar dutsen kakata, na zuba mata kitse, na jera lagwani, na kunna. Ba za ta mutu ba sai ranar da rana ta dawo. Ranar ne ake hure tsohuwar wuta a kunna sabuwa. Yanzu a zauren makaranta kawai ake yi, a yi tafi a watse. Ni a ɗakina nake yi.

Laraba, 29 ga Nuwamba, da safe

Mako guda ke nan da abin da ya sami ƙafar Tsoho. Ba na son Laraba yanzu.

Juma'a, 1 ga Disamba, da yamma

Sun zo su biyu, Siipora da nas ɗinta. Siipora 'yata ce, ita kaɗai ta rage mana a garin nan. Sunan mahaifiyar Tsoho aka sa mata, shi ya sa tun tana cikin zanen goyo yake ce mata Anaana, uwa ke nan, ita kuma take ce masa ɗana, ni kuma suruka. Tana ƙarama abin dariya ne. Yanzu ta ɗauki abin da gaske.

Ta ce, "Suruka, zauna mu yi magana."

Na ce, "A tsaye ma kunnena yana ji."

Nas ta fara zuba bayani, Siipora tana juya mini, ko da yake ina jin Turancin sarai. Wai akwai gidan tsofaffi a Ottawa, babban birni can kudu, mai kyau, mai masu kula dare da rana. Wai an sa sunansa a layi. Wai abin da ya faru ranar Laraba zai sake faruwa.

Na ce, "Yatsun ƙafa biyu kawai sanyi ya cinye masa. Juupi ma uku ya rasa tun yana saurayi, waye ya kai shi Ottawa?"

Siipora ta ce, "Juupi farauta ya je. Ɗana da safa ya fita."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce musu duhu ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana karanta sama, a ɗauke masa rana, a bar shi da agogon bango da ƙwan lantarki, ta ina zai san safiya da yamma? Ni kaina jiya sai da na tambayi rediyo ko wace rana ce. Ku bari rana ta dawo ku gani.

Nas ta yi wannan murmushin nasu na asibiti. Siipora ta kalli fitila ta ce, "To. Sai rana ta dawo. Amma suruka, in ta dawo shi bai dawo ba fa?"

Na ce, "In ta dawo bai dawo ba, da hannuna zan haɗa masa kaya."

Bakina ne ya faɗa, ba wanda ya matsa mini. Da suka fita na dafa masa kifi, ya ci sosai.

Litinin, 4 ga Disamba, tsakar rana

Haske yana zuwa ta kudu da hantsi, ja-ja, ya ɗan zauna ya koma. Kowace rana ana gutsure shi gaba da baya. Nakan zaunar da Tsoho a taga lokacin, in ce masa, ga shi nan, tana ƙasa, ba ta mutu ba.

Juupi maƙwabcinmu ya kawo cinyar barewa. Shi ne abokin farautar Tsoho tun suna yara, shi ne kuma ya tsinto shi a bakin teku ranar nan. Yana shigowa ya ce, "Ina ragon nan da bai taɓa harbin komai ba sai inuwarsa?"

Tsoho ya dube shi ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe kare ya shigo?"

Juupi ya yi dariya har da hawaye. Hawayen sun ɗan fi dariyar tsawo, na yi kamar ina duba tukunya.

Ya ciro zare daga aljihu ya ba shi. Yatsun Tsoho suka kama wasan zare kamar jiya ya bari. Ya yi barewa, ya yi zomo, ya yi mutum yana jan kwale-kwale. Ya ce mana yanzu ne lokacinsa, a yi ta saƙa zare a tare ƙafar rana kada ta yi nisa. Mutumin da ya san wannan ne za a ce hankalinsa ya tafi? Su dai faɗi wata maganar.

Alhamis, 7 ga Disamba, da yamma

Ƙarfe huɗu ya miƙe ya sa rigar sanyi, wai gari ya kusa wayewa, zai ɗaura wa karnuka keken ƙanƙara. Rabonmu da karnuka tun Siipora tana firamare. Na ce masa yamma ce. Ya nuna mini taga ya ce, "Wannan ce yammar?" Me zan ce masa? Baƙi ƙirin take.

Takalmansa suna cikin injin wanki, can na ɓoye su. Na ɗaura cokula a hannun ƙofa don in ji ƙara. Wannan ba zai shiga kunnen nas ba.

Lahadi, 10 ga Disamba, bayan coci

Matan coci sun fara yi mini sannu da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan makoki. Ɗaya ta riƙe mini hannu ta ce, "Tapisa, ki tausaya wa kanki." Na ce, "Mijina yana gida yana cin gurasa da man shanu. Naki fa, har yanzu yana wurin caca?" Ta sake ni.

Na sani ban kyauta ba. Ko a jikina.

Mijin ƙanwata a Ottawan nan aka kai shi. Ba mai jin harshensa, ba ɗanyen nama, ba wanda ya san sunan ubansa. A akwati ya dawo, a cikin jirgin saman da ya kawo wa kanti albasa.

Laraba, 13 ga Disamba, da safe

Bari in rubuta da sauri tun da zafinsa.

Na fita zubar da shara, na bar ƙofa a buɗe, sai na ji shi a bayana. Na ɗauka ficewa zai sake yi. Amma ba tafiya zai yi ba, sama yake kallo, wajen arewa maso gabas. Ya kama kafaɗata ya ce, "Guntuwa, dubi. Aagjuuk sun fito."

Guntuwa. Shi kaɗai yake kirana haka a duniya, kuma tun kaka bai faɗa ba.

Na duba, ga su nan, taurarin nan biyu, ƙasa-ƙasa, ɗaya a kan ɗaya. Ya ce, "In kin gan su da safe, rana ta kusa kai ƙarshen tafiyarta, ta fara tunanin gida. Sau nawa zan koya miki? Kanki kamar dutsen fitila." Na ce, "Ai kai ka zaɓa, ba wanda ya yi maka dole." Ya yi dariya. Muka tsaya a sanyin nan, shi da silifas, har hancina ya mutu.

Na buga wa Siipora waya a wurin aiki na gaya mata. Ta ce, "Madalla, suruka." Madalla kawai. To ta riƙe madallarta, ni na ji da kunnena.

Na yafe wa Laraba.

Alhamis, 14 ga Disamba, tsakar rana

Bai sake faɗa ba. Ba komai, ai ba waƙa ba ce da za a yi ta maimaitawa.

Litinin, 18 ga Disamba, da yamma

Siipora ta zo da wayarta tana nuna mini hotunan gidan. Gado fari, labule fari, wata tsohuwa tana kallon talabijin. Ta ce, "Kin ce duhu ne ciwonsa. To can ko yau rana ta fito kafin takwas, ba ta faɗi ba sai bayan huɗu. Kullum haka, ba fashi."

Na ce, "Ranar da take fitowa kullum kamar ma'aikacin gwamnati, wa yake ɗaga kai ya dube ta?"

Ta ce, "Ke dai ba a cin ki da baki."

Na ce, "A nono kika sha, ki gode."

Ta rame. Na lura, ban faɗa ba. Tana fita daga aiki ta zo nan, ta koma ta yi wa yaranta girki. Ba mugunta take yi ba, na sani. Amma in na yarda ba mugunta ba ce, da wa zan yi faɗa?

Alhamis, 21 ga Disamba, tsakar rana

Rediyon gari ya ce yau ce ƙarshen gangara, daga gobe haske zai fara ƙaruwa. Mai rediyon yaro ne, a takarda ya gani. Tsoho ya sha gaya mini haske ba ya dawowa gaba ɗaya, ta wutsiya yake farawa. Yamma ce take fara sassautawa tun kafin yau, ita kuwa safiya sai ta ƙara kwanaki tana taurin kai, har bayan Kirsimeti, kafin ta saki. Na duba, haka ne. Jan da ke kudu ya daina saurin tafiya da yamma, amma da safe sai ƙara makara yake.

Na gaya wa Tsoho maganarsa. Ya ce, "Wa ya faɗa miki? Mutumin ya san abin da yake yi."

Na ce, "Wani mai surutu ne."

Shi ma ta wutsiya zai fara dawowa. A yi masa haƙuri.

Litinin, 25 ga Disamba, da yamma

Gari duk yana zaure, ana rawa ana wasanni. Ina jin kiɗan daga nan. Shekarun baya Tsoho ne yake cinye gasar bulala, ya kaɗe gwangwani daga nesa yara suna ihu. Bana ban kai shi ba, hayaniya tana rikita shi. Mun zauna mu biyu da fitila. Na gyara lagwani, shi yana saƙa zarensa.

Ina kewarsa, alhali ga shi nan a gabana. Ban san wa zan gaya wa wannan ba.

Laraba, 27 ga Disamba, da yamma

Ƙofar kabad ce ta buge ni a hannu.

Alhamis, 28 ga Disamba, da safe

Da hagu nake rubutu. Na ce ƙofar kabad ce. Cokula sun yi ƙara, na tashi da sauri, na tsaya a inda bai kamata in tsaya ba. Shi ke nan.

Ya yi barci bayan nan kamar jariri. Da ya tashi ya ga hannuna ya ce, "Wa ya yi miki haka? Faɗa mini sunansa."

Asabar, 30 ga Disamba, da yamma

Siipora ta gani. Na sa riga mai dogon hannu, amma na ɗauki buta na kasa.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Kabad."

Ta ce, "Kabad mai yatsu huɗu?"

Daga nan murya ta tashi. Ta ce gobe za ta je wurin nas. Ta ce ga wuta a buɗe a ɗaki, ga mutum ba ya cikin hayyacinsa, so nake a wayi gari a kwashe tokarmu? Ta nufi fitila za ta hure. Na sha gabanta. Na ce, "Kika hure ta, kin hure ni. Mun yi magana, sai rana ta dawo. Uwar da kika ci sunanta ba ta taɓa cin alkawari ba."

Ta ce, "Uwar da na ci sunanta ba za ta zuba ido ɗanta ya karya matarsa ba."

Ba ta taɓa yi mini magana haka ba. Tsoho ya ɗago daga zarensa ya ce, "Anaana, kar ki yi wa baƙuwa faɗa."

Siipora ta dube ni. Na ce da wasa yake, ai ta san halinsa.

A ƙarshe ta ce Juupi zai riƙa kwana a falo. Na yarda, don munsharinsa kaɗai ya isa ya tsare ƙofa.

Talata, 2 ga Janairu, tsakar rana

Safiya ta saki. Yau na ga rufin coci ba tare da fitilar titi ba tun kafin in gama shayin farko. Yanzu ta gaba da ta baya duk ƙaruwa ake. Ja ya fara komawa ruwan ƙwai.

Na ce wa Juupi, "Ka gani?" Ya ce, "Na gani, Tapisa." Bai ƙara komai ba. Tsofaffin maza sun iya shiru mai ban haushi.

Juma'a, 5 ga Janairu, da yamma

Ya ƙi cin abinci daga hannuna. Ya rufe baki, ya juya kai, yana ta kiran Anaana. Siipora ta zo ta zauna a gabansa ta ce, "Haba ɗana, buɗe baki." Ya buɗe. Ta yanka masa kifi ƙanana tana ba shi, yana ci yana kallonta.

Da can in ya ce mata Anaana, da ɗan murmushi a gefen bakinsa. Yau babu. Da gaske yake.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo. Tsoro nake ji, bari in rubuta sau ɗaya in huta. Tsoro nake ji.

Saura kwana kaɗan. Rana ba ta ƙarya.

Talata, 9 ga Janairu, da safe

Nas ta aiko wai gado ya samu, za su riƙe shi zuwa ashirin ga wata. Wato wani ya mutu ke nan, shi ne ake yi mana albishir. Na ce a gaya mata na ji.

Alhamis, 11 ga Janairu, tsakar rana

Guguwa. Ko gidan Juupi ba a gani don dusar ƙanƙara. An ce in sanyi ya yi tsanani rana takan leƙo kafin lokacinta, kuma yau zuwa jibi ake sa ranta. Tana iya kasancewa can a bayan farin nan tana neman mu.

Juma'a, 12 ga Janairu, tsakar rana

Guguwa.

Asabar, 13 ga Janairu, tsakar rana

Guguwa. Ban san ko haushi nake ji ko godiya ba. Na ƙara wa fitila kitse.

Lahadi, 14 ga Janairu, da yamma

Iska ta kwanta da asuba. Ban je coci ba, Allah ya san inda nake. Na ciro takalmansa daga injin wanki, na sa masa rigarsa ta fata, na taje masa kai. Juupi ya ɗauke mu a babur ɗin ƙanƙara zuwa tudun bayan gari. Siipora ta biyo mu a ƙafa, ba wanda ya kira ta.

Kudu ta yi kamar an hura garwashi. Mutane sun taru, yara suna tsalle don sanyi. Na riƙe hannunsa, ina jin zaren a cikin safar hannunsa.

Sai ga ta. Baki kawai, ja, a kan ƙanƙarar teku. Mata suka yi guɗa, wani ya harba bindiga sama.

Ni ba ita nake kallo ba, shi nake kallo. Ya miƙe tsaye sosai, rabon da in ga tsawonsa haka na manta. Ya yi mata murmushi da rabin fuska, ɗaya rabin a ɗaure, kamar yadda kakanninmu suke yi: gefe ɗaya yana maraba da ɗumi, ɗaya gefen yana sane sanyi bai ƙare ba. A tudun nan kaf ba wanda ya tuna a yi haka sai shi. Ya ciro zaren ya miƙa wa Juupi ya ce, "Yanke shi. Ba a wasan zare in ta dawo, sai a harɗe mata ƙafa." Juupi ya sa wuƙa ya yanke.

Na dubi Siipora, na ce a raina, to uwar miji, sai ki faɗi wata.

Kafin mu ankara ta nutse. Tsoho ya ce, "Fitilu! A yi sauri!" Ya kama gangara yana ɗingishi da ƙafar nan, muna binsa. Gidan Juupi ya fara faɗawa, yana waige-waige. Juupi ba shi da fitilar dutse, rabonsa da ita tun rasuwar matarsa. Sai ya lallaɓa ya tsaya jikin makunnin lantarki ya ce, "Ga ta can sama, hura." Tsoho ya hura, Juupi ya kashe. Tsoho ya yi dariya irin ta yara. Ai aikin yara ne dama, su ne suke bi gida-gida suna hurewa.

Sannan ya shiga namu. Ya durƙusa gaban fitilar kakata, ya cika kumatu, ya hure ta daga wannan gefe zuwa wancan. Wutar da na yi ta tsaro tun Nuwamba. Ɗakin ya yi duhu, sai warin kitse. Ya ce a cire tsohon lagwani a sa sabo, kada a bar ko zare ɗaya. Komai daidai, ba kuskure ko ɗaya.

Na durƙusa kusa da shi na jera sabon lagwani, na ƙyasta ashana. Wuta ta kama, ta haska fuskarsa. Na ce, "Tsoho, ta dawo."

Ya dube ni da kyau. Ya ɗan sunkuyar da kai, irin na yaro mai tarbiyya a gidan mutane. Ya ce, "Iya, fitilarki tana da kyau. Ke matar wa ce?"

Siipora tana bakin ƙofa. Juupi ya juya baya.

Na ce, "Matar wani tsoho ce mai taurin kai."

Ya ce, "Allah ya ba ki haƙurin zama da shi."

Na ce amin.

Litinin, 15 ga Janairu, tsakar rana

Yau ta fi jiya daɗewa, har ta ɗaga daga ƙanƙara. Ba ruwanta.

Ta dawo, shi bai dawo ba. Ba duhu ba ne. Na rubuta, kowa ya huta.

Talata, 16 ga Janairu, da yamma

Na sauko da akwati da hannuna, kamar yadda na ce. Siipora ta zo ta same ni ina ninke rigunansa. Ta tsaya tana kuka, ta ce, "Suruka, da ma ke kika ci."

Na ce, "Share hawayenki ki miƙo mini ɗaya akwatin."

Ta ce, "Wane ɗaya?"

Na ce, "Nawa. Cewa na yi zan haɗa masa kaya. Yaushe na ce zai tafi shi kaɗai?"

Ta zauna a bakin gado. Ta ce mai rakiya kwana kaɗan ake ba shi ya dawo. Ta ce ba ni da kowa a can sai 'yar ƙanwata mai ɗaki ɗaya. Ta ce ban taɓa hawa motar haya ta birni ba, zan ɓata. Ta ce, a hankali, "Bai ma san ki ba."

Na ce, "Ni na san shi."

Ta tafi ta kawo nas. Nas ta ce akwai ƙa'ida. Na ce mata da Turancin da take zaton ba na ji, ta kawo ƙa'idar ta zauna kusa da shi ta yanka masa ɗanyen kifi, ta gaya masa sunan taurari da harshensa. In ta iya, na zauna a gida. Kujera biyu za a nema a jirgin Asabar. In kwanakin rakiya sun ƙare, su zo su ɗauke ni daga bakin ƙofar in sun isa.

Asabar, 20 ga Janairu, da safe

Jirgi sai bayan azahar. Juupi ya kawo daskararren kifi cike da kwali, ya ce wa Tsoho, "Rago, ka gaida mutanen kudu." Tsoho ya ce, "Wa ya bar kare ya shigo?" Juupi ya fita bai rufe ƙofa ba.

Ba a shiga jirgi da wuta. Jiya na ɗauki fitilar na kai gidan Siipora, na ɗebi sabuwar wutar a gwangwani ina kare ta da rigata. Ba ta taɓa kunna irinta ba, ta yi ta cika lagwani yana hayaƙi. Na buge mata hannu na nuna mata. Na ce in watan Nuwamba ya zo ta kunna, in Janairu ya zo ta sa yaranta su hure. Ta ce, "To, Anaana." Tun da ta iya magana ba ta taɓa kirana haka ba. Na ce ta kula da lagwaninta.

Littafin nan ba zan mayar wa nas ba, ba lokacin barci ko ɗaya a ciki.

Tsoho yana zaune a taga da takalmansa, yana jiran ta fito. Ɗazu ya sake tambayata ni matar wa ce. An ce a can rana kullum take fitowa, ba fashi. To, kullum zan gaya masa.